Daga Gadon Asibiti Zuwa Sahun Salla



Godiya ta tabbata ga Allah wanda yake jarraba bayinsa da cuta, yake kuma yaye musu ita a lokacin da ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan uwana mai karatu, akwai wata kyakkyawar al'ada da muka saba da ita a unguwanninmu. Idan aka kwantar da ɗayanmu a asibiti, liman yakan yi sanarwa bayan salla, a yi masa addu'a, a tara ɗan abin da ya samu a kai masa. Ranar da aka ce an sallamo shi kuwa, sai mu yi hamdala, mu ce wane ya warke, sunansa ya fita daga cikin waɗanda ake yi wa addu'a, kowa ya kama harkar gabansa. Ina so in yi maka magana a kan abin da ke biyo bayan wannan rana. Ga wanda shekaru suka ja masa, jinya kashi biyu ce. Kashin farko a asibiti ake yin sa, a gaban likitoci. Kashi na biyu a gida ake yin sa. Shi ya fi tsawo, shi kuma jama'a suka fi mantawa da shi.

Shekaruna 68. Bara, a tsakiyar watan Sha'aban, santsi ya kwashe ni a bakin ƙofar ban ɗaki, ƙashin ƙuguna ya karye. Daga nan Maraɗi aka tura mu Yamai, aka yi mini aiki. Da yake ina da ciwon sukari, mikin ya ƙi haɗewa, ya yi ruwa, har sai da aka sake shiga da ni ɗakin tiyata karo na biyu. Watan Ramadan ya shigo ya fita ina kwance ban ɗauki azumi ko ɗaya ba. Ƙaramar Salla ma ta tagar ɗakin jinya na jiyo kabbarorinta. Kwana 83 na yi kafin a sallame ni, a farkon watan Zulƙida, ana tsakiyar zafin bazara.

Tafiyar dawowa ta fi kilomita 600. Ina kwance a kujerar bayan mota muka wuce Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa da Gidan Rumji. Duk tsawon hanya lissafi ɗaya zuciyata ke yi: daga ƙofar gidana zuwa ƙofar masallacinmu taku 140 ne, na daɗe da ƙirga su. Motar ta cinye wannan doguwar hanya a yini guda. Taku 140 ɗin nan kuwa sai da suka ci mini kwana 52.

Dalili shi ne, kwanciya kanta wata cuta ce ga tsoho. Mai gashin ƙashin da ke kula da ni ya bayyana mini cewa naman jikin dattijo yana zubewa cikin kwanaki kaɗan idan ba ya motsi, maido da shi kuma sai an yi makonni ko watanni. Cinyoyina sun zama kamar karan dawa. Idan na miƙe farat ɗaya sai jiri ya ɗebe ni, domin jikin da ya daɗe a kwance yakan yi jinkirin kai jini zuwa kai. Aka koya mini in fara zama a bakin gado, in sauke ƙafafu, in ɗan jira, sannan in tashi da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Barci ya juye mini, dare ya zama rana. Tuwon da na yi wata uku ina marmarinsa, da aka ajiye mini shi loma uku na iya.

Gidan da na gina da hannuna shi ma ya zama baƙo gare ni. Dokin ƙofar da na shekara 30 ina tsallakawa ba tare da na san yana nan ba ya koma mini katanga. Likita ya hana ni tsugunawa da zama a ƙasa har na wasu watanni, ga shi kuwa salgarmu ta tsuguno ce. Sai da kafinta ya yi mini kujera mai rami aka ɗora a kai, mai walda ya kafa mini mariƙin ƙarfe a bango, aka naɗe tabarmin da ke harɗe ƙafa, aka bar fitila a kunne da dare. Idan naka na gab da dawowa gida, ɗan uwa, ka yi waɗannan gyare-gyare kafin ya iso. Faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni. Ka kuma kula da abincinsa: wake, ƙwai, nono, kifi, nama gwargwadon hali da ganyen zogale sun fi yi masa amfani wajen maido da tsoka bisa kunu tsagwaro safe da yamma.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na rubuto wannan saƙo a wannan zaure, wato salla.

Dukanmu da muka zauna gaban malaman zaure mun karanta a littafin Ahalari cewa sallar farilla tana da halaye bakwai. Tsayuwa ba jingina, sai tsayuwa da jingina, sai zama ba jingina, sai zama da jingina. Jeranta waɗannan huɗu wajibi ne, wanda ke da ikon na sama ya sauka zuwa na ƙasa sallarsa ta ɓaci. Sauran ukun su ne kwanciya a gefen dama, sai gefen hagu, sai rigingine, jeranta su kuwa mustahabbi ne. Na haddace wannan ina yaro ɗan shekara 12, ina rera shi kamar yadda yara ke yi. Ban san tsani aka ba ni ba, wanda wata rana zan faɗo har matakinsa na ƙarshe, in kuma riƙa hawansa mataki bayan mataki.

A makonnin farko a asibiti rigingine nake salla, ina nuni da kai. Daga baya aka iya juya ni gefe. Ranar da aka ɗaga kan gado na yi Azahar a zaune da matasai a bayana, na ji kamar an ba ni kyautar gari. A gida na kai ga zama a kujera ba tare da jingina ba. Bayan mako biyar na yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye ina dafe da bango, sannan na zauna na yi nunin sujada. Likita yana auna sauƙina da hoton ƙashi da gwajin jini. Ni kuwa da waɗannan matakai nake auna shi. Asalin hukuncin kuma sananne ne: sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai aka umarce shi da ya sallata a tsaye, in ya gaza a zaune, in ya gaza a kan gefensa.

Abu biyu nake so ka riƙe a nan. Na farko, matuƙar hankali na jiki salla ba ta faɗuwa. A ɗakin da na kwanta mu shida ne, kuma na ga bayin Allah nagari, waɗanda ba su taɓa wasa da salla ba a rayuwarsu, sun ajiye ta har makonni saboda an sa musu robar fitsari, ko tufafinsu sun ɓaci, ko gadonsu bai fuskanci alƙibla ba. Suna cewa sai sun koma gida sun yi tsarki sosai su rama. Tsoron Allah ne ya sa su haka, amma ilimi bai raka shi ba. A mazhabar Imamu Malik, fitsarin da ke fita ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya warware alwala. Gusar da najasa daga jiki da tufa yana wajaba ne idan akwai iko. Wanda ruwa zai cutar da shi, ko ya rasa mai miƙo masa, sai ya yi taimama bayan shigar lokaci, kowace farilla da taimamarta. Ɗan dutsen da uwargidana ta ajiye mini a ƙarƙashin matashi ya yi mini hidimar da ba zan manta ba. Inda aka ɗaure da bandeji a gaɓoɓin alwala ko na wanka shafa ake yi a kansa. Wanda ya kasa juyawa zuwa alƙibla, babu kuma mai juya shi, ya yi yadda yake. Wanda ya suma har lokacin salla ya fita gaba ɗaya, ba a ɗora masa ramuwarta ba. Kwana biyu na yi ban san inda nake ba bayan aiki na biyu, kuma malaminmu ya tabbatar mini babu bashin waɗannan salloli a kaina. Amma sallar da aka bari da hankali a jiki bashi ce, sai an rama.

Na biyu, rangwame yana tafiya ne da lalura, idan ta ragu shi ma ya ragu. Kujera tana da daɗi, jiki kuma yana son abin da ya saba. Wanda ke iya tsayuwa amma ba ya iya sujada, to ya tsaya a inda ake tsayuwa, ya zauna a inda ya gaza, ya sa nunin sujadarsa ya fi na ruku'u yin ƙasa. Kada mai ƙarfin tsayuwa awa guda a kasuwa ya zo masallaci ya ja kujera tun daga kabbara. Kada kuma wanda likita ya hana durƙusawa ya tilasta wa kansa sujada don kunyar idon mutane, ya ɓata aikin da aka sayar da dukiya aka yi masa. Kowa ya san jikinsa, Allah kuma ya fi shi sani. Wanda halinsa ya sha bamban ya tambayi malami, ya kuma tambayi likita.

Hukunce-hukuncen nan sauƙin faɗa gare su. Abin da ya fi nauyi yana cikin zuciya. Shekara 19 mabuɗin masallacinmu yana hannuna, ni ke buɗewa kafin kiran Asalatu, in kunna fitilu, in kakkaɓe shimfiɗu. Da na kwanta aka damƙa shi ga wani matashi mai himma, Allah ya yi masa albarka. Bayan dawowata, kullum da asuba ina jin ƙarar buɗe ƙofar nan daga kan gadona, in ji kiran salla, in ji takun maƙwabta suna wucewa ta bayan ɗakina, ni kuwa ina jiran a kawo mini buta da roba. Ciwon ƙugu bai taɓa sa ni hawaye ba. Wannan takun ya sa ni.

Wata rana bayan La'asar liman ya shigo ya tarar da ni shiru. Ya ce, "Alhaji, jikin ne?" Na ce, "Allah gafarta Malam, jiki da sauƙi, jam'in da ke wuce ni ne ke damuna." Sai ya yi murmushi ya tuna mini hadisin Abu Musal Ash'ari da Buhari ya ruwaito, wanda ma'anarsa ita ce bawan da cuta ko tafiya ta tsare shi ana ci gaba da rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa lokacin da yake lafiya yana gida. Ya ce, "Kenan kai har yanzu kana buɗe masallaci kowace asuba, yaron nan ma yana buɗewa, kowa da nasa ladan. Taskar Allah ba ta ƙarewa." Na sha jin wannan hadisi a wa'azi, amma a ranar ne ya sauka a inda ya dace. Ka lura da sharaɗin da ke ciki, ɗan uwa: abin da ka saba yi kana lafiya shi ake rubuta maka. Mai lafiya a yau yana shuka ne a gonar da zai ci ranar da ya kasa riƙe hauya.

A kwana na 52, a ƙarshen watan Zulhajji, na fita sallar La'asar. Babbar Salla ta riga ta wuce ni, ragona ma ɗana na wakilta ya yanka ina zaune ina kallo. Ɗana yana dama, maƙwabcina yana hagu, jikana yana gaba ɗauke da kujerar roba. Sau uku muka tsaya na huta. Ina tafe ina tuna abin da aka ruwaito game da rashin lafiyar ƙarshe ta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekara ta 11 bayan hijira, yadda ya fito masallaci tsakanin baffansa Abbas da Aliyu ɗan Abu Ɗalib, ƙafafunsa suna jan ƙasa, Abubakar yana jan salla. Idan fiyayyen halitta ya yarda a tallafe shi zuwa masallaci, ina dalilin da zan ji kunyar a gan ni a hannun mutum biyu? Gurbina na da a bayan liman wani ya saba da shi. Da ya gan ni ya yunƙura zai matsa, na yi masa alama ya zauna. Aka ajiye mini kujera a ƙarshen sahun farko, jikin bango. Daga can ma ana jin karatu, ana kuma cewa amin tare da jama'a.

Sai batun azumi. Na fito asibiti da bashin wata cur a wuyana, har da kwanakin suma, domin su a azumi ana rama su. Hukuncin a fili yake: maras lafiyar da ake sa ran warkewarsa yana ramawa idan ya samu ƙarfi, ba dole ne a jere ba. Idan cutar ta zarce da shi har wani Ramadan ya shigo, babu laifi a kansa kuma babu ciyarwa. Wanda ya samu iko ya yi sakaci har wani azumin ya riske shi, shi ne zai rama ya kuma ciyar da mudu ɗaya na Annabi a kan kowace rana. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko mai cutar da ba a sa ran rabuwa da ita, ba ramuwa a kansa. Zai ciyar da miskini mudu ɗaya na abincin gari, gero ko shinkafa ko masara, a madadin kowace rana. Malikiyya sun ɗauki wannan ciyarwa mustahabbi, wasu mazhabobi sun wajabta ta. Ni sai da sanyin hunturu ya shigo na soma, bayan likita ya amince ya kuma sauya mini lokutan shan magani. Kwana ɗaya nake yi in huta biyu, yau na kai 11. Ya gargaɗe ni cewa da zarar na ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko duhun gani, in buɗe baki nan take, domin faɗuwar sukari na iya kai mutum ga suma. Shari'a ma abin da ta ce kenan: ran da Allah ya ba ka amana ce.

Yanzu zan juyo gare ku, jama'ar masallaci. A makon farko na dawowata zaurena bai taɓa zama babu mutane ba. Na gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai a lokacin ne jiki ya fi gajiya, a lokacin ne majinyaci ya fi bukatar barci. A mako na uku ƙafa ta ɗauke. A mako na biyar, sa'ad da kaɗaici ya fara cin rai, sa'ad da nake neman wanda zai riƙe ni in gwada taku goma, sai ƙarar akuya da rediyo. Ba na zargin kowa, kowa da hidimar gabansa, damina kuma ta faɗi mutane sun tafi gona. Amma duba maras lafiya haƙƙi ne daga haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa, kuma babu inda aka ce wannan haƙƙi yana ƙarewa da takardar sallama. Da za mu raba kanmu, wasu su je makon farko, wasu su ajiye tasu ziyarar sai bayan wata guda, da amfanin ya fi yawa.

Idan ka je, ka taƙaita zama, ka guji lokacin ƙailula. In kana tari ko mura ka aika gaisuwa ta waya. Kada ka ba shi labarin wane da ya yi irin wannan cuta ya rasu. Kada ka kai wa mai ciwon sukari lemon kwalba. Kada ka ce masa ya ajiye maganin asibiti ya sha wani jiƙo da ka ji an yaba. Cikin wata guda an kawo mini sassaƙe da gari iri tara, kowanne da rantsuwar mai shi, kuma niyyarsu duka alheri ce, amma haɗa magunguna barkatai na iya lalata ƙodar tsoho. Ka yi masa addu'a, ka ba shi labarin unguwa, ka nemi shawararsa a kan wani abu domin ya ji har yanzu ana bukatarsa. Mutumin da ya fi yi mini amfani shi ne maƙwabcin nan nawa, tela ne, ba mai dukiya ba. Kullum bayan La'asar yakan rufe shago na ɗan lokaci ya zo ya ce, "Alhaji, tashi mu je yawo." Yau mu kai bakin zaure, gobe gindin dogon yaro, jibi kusurwar layi, yana ƙirga takun da baki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ni tawa ƙafar ma da zumunta ta dawo.

Akwai kuma wadda ba a cika tambayar lafiyarta ba. Uwargidana ta haura shekara 60. Kwana 83 ta yi tana kwana a tabarma a gindin gadona, tana juya ni dare da rana don kada bayana ya yi gyambo. Da muka dawo gida kowa ya ce mata barka da hutawa, alhali aikin a lokacin ya ninka, domin babu ma'aikatan jinya kuma. Baƙi suna shigowa suna cewa, "Ya mai jiki?" ita kuwa bayanta ya riƙe, idonta ya faɗa. Ya ku ƴaƴa maza, jinyar uba ba aikin mata kaɗai ba ce. Ɗaga shi, kai shi ban ɗaki da yi masa wanka, idan matarsa ta gaza, ɗansa namiji ya fi cancanta da su saboda tsare al'aura. Ranar farko da babban ɗana ya zo yi mini wanka, ni da shi kowa ya kawar da kai. Sai ya ce, "Baba, ka bar ni in samu wannan ladan, ba kullum ake samun irinsa ba." Malamai sun ambata cewa mai jinyar da babu wanda zai karɓe shi yana da uzurin barin Juma'a, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka girman aikin. Ku raba kwana tsakaninku, ku bar uwarku ta yi barci. Ku kuma yi haƙuri da tsohon, domin wanda ya saba ba da umarni ya koma sai an miƙo masa ruwa, ƙaramin abu na iya harzuƙa shi. Shi ma ya riƙa tuna cewa kalmar "na gode" da "Allah ya yi albarka" ba ta bukatar ƙarfin ƙugu.

Saura magana ɗaya mai nauyi, wadda dattawa ke jin kunyar furtawa, wato bashi. Doguwar jinya tana cin dukiya kamar wutar daji. Kuɗin aiki, takardun magani, gwaje-gwaje, abincin masu jinya a garin da ba naka ba, kuɗin mota zuwa da dawowa. Shanun nomana biyu sun tafi, duk da haka na dawo da bashin mutum biyar. Abin da na fara yi da na samu natsuwa shi ne na kira ƴaƴana da shaidu biyu, aka rubuta wane yana bina kaza, ni ma ina bin wane kaza. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubuta bashi da wasiyya ba ya jawo ajali. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo mai tsanani a Makka a shekarar Hajjin Bankwana har ya fid da rai, ya nemi ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi. Sa'adu ya warke, ya rayu fiye da shekara 40 bayan haka. Ku kuma masu fitar da zakka, ku tuna cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin kashi takwas da aka ce a ba su. Wani dattijon yana sanye da babbar riga yana amsa gaisuwa da fara'a, alhali ya fara tsallake maganinsa saboda jaka biyar ta gagara. Ba zai roƙa ba. Ku bincika a asirce, ku bayar a asirce.

Ga kai kuma da kake karanta wannan a kan gado, ko aka karanta maka, ka yi haƙuri da jikinka. Wata rana za ka ci gaba, wata rana ka ga kamar ka koma baya. Sannu ba ta hana zuwa. Ka yi motsa jikin da aka koya maka ko da ba ka so, ka sha magani a kan lokaci, ka koma ganin likita ranar da ya sa maka. Idan ka ga miki ya kumbura yana ruwa, ko zazzaɓi ya taso, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, kada a jira gobe. Idan baƙin ciki ya zauna maka har ka daina son abinci da magana, ka faɗa wa wanda ka amince da shi, wannan ma ciwo ne da ake neman maganinsa. Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma hakan bai fitar da shi daga cikin masu haƙuri ba. Watakila ba za ka koma yadda kake a da ba. Ni har yau ban sa goshina a ƙasa ba, ina kuma roƙon Allah ya nuna mini ranar. Amma sallar da aka yi a kan kujera da uzuri cikakkiyar salla ce a wurin Wanda ake yi dominsa.

Abin da nake roƙonka, ɗan uwa, ƙarami ne. Idan ka shiga masallaci yau, ka dubi sahu, ka tuna wane ne aka ce an sallamo shi wata biyu ko uku da suka wuce amma har yanzu ba a gan shi ba. Ka bi ta gidansa. Ka tambaye shi yadda yake salla da tsarki, wataƙila akwai tambayar da yake jin nauyin yi. Ka tambayi iyalinsa abin da ya ƙare. In yana iyawa, ka ba shi kafaɗarka zuwa masallaci ko sau ɗaya a mako. Masu kula da masallatanmu kuma su taimaka da kujeru biyu ko uku masu ƙarfi, da mariƙi a bakin matakala, da ɗan dakali mai tudu a wurin alwala, a kuma riƙa share ruwan da ke sa santsi. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma babu wanda ya san ranar da shi zai bukace su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, na gida da na asibiti. Ya sa abin da ya same su ya zama kankarar zunubi. Ya saka wa masu jinya da likitoci da mafificin alheri. Ya biya wa masu bashi bashinsu. Ya jiƙan waɗanda aka tafi da su asibiti ba su dawo ba. Ya ba mu ikon amfani da lafiyarmu kafin ranar da za mu neme ta, ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.